Agolan da ke kawo kofi gida: yadda ƙwallon kwando ya samu gindin zama a Turkiyya

Daren Lahadi, 14 ga Satumban 2025, ya same ni a wani gidan shayi da ke tsakanin Laleli da Aksaray a birnin Istanbul, yankin da 'yan kasuwarmu masu sarin tufafi suka sani kamar yunwar cikinsu. Kullum na leƙa wurin, tsofaffi ne ke buga karta, talabijin na ta surutunsa a bango ba mai kula shi. A daren nan kuwa an kife karta, an juya kujeru sun fuskanci bango, shayi yana hucewa a 'yan ƙananan kofunan gilashinsu. Turkiyya ce ke karawa da Jamus a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta Turai, can a Riga, babban birnin Latbiya. Turkawa sun daɗe suna gaba, har mai shayin ya fara murmushi, amma a mintunan ƙarshe Dennis Schroder ya juya lamarin, aka tashi 88 da 83. Wurin ya yi tsit kamar an yi mutuwa.

Abin da ya tsaya mini a rai ba sakamakon ba ne. Kusa da ni akwai wani dattijo da jikansa, yaro da bai wuce shekara 13 ba. Dattijon ya fi kowa ihu, amma duk lokacin da alƙalin wasa ya hura usur sai ya waiwayo ya tambayi yaron me aka yi. Bai san dalilin da ya sa wani jifan maki uku ne wani kuma biyu ba. Yaron kuwa shiru yake, idonsa a kan allo, yana motsa yatsu kamar shi ne ke riƙe da ƙwallon, yana gane laifi tun kafin a hura. Tsohon tuta ya zo yi wa kara, yaron wasan ya zo kallo. Duk abin da na fahimta game da ƙwallon kwando a ƙasar nan daga baya, a tsakanin mutanen nan biyu yake.

Kada wani ya ɗauka an ture ƙwallon ƙafa daga karaga. Da zarar direban tasi ya ji daga Najeriya kake, sai ka ji ya ce Osimhen, in kuma mai furfura ne ya tuno maka Jay-Jay Okocha da Uche Okechukwu a Fenerbahce. Wasu ma sun riƙe sunan Ahmed Musa daga zamansa a Karagumruk da Sivasspor. Shafukan wasanni na jaridu na ƙwallon ƙafa ne, haka ma gardamar shagon aski. Ƙwallon kwando agola ne a gidan. Sai dai agola ne da a cikin shekaru tara, daga 2017 zuwa 2025, ya kawo wa Turkiyya kofin EuroLeague, gasar ƙungiyoyin kwando da ta fi kowace girma a Turai, har sau huɗu: Fenerbahce a 2017 da 2025, Anadolu Efes a 2021 da 2022. Ɗan gida kuwa, wato ƙwallon ƙafa, tun kofin UEFA da na Super Cup da Galatasaray ta ɗauka a 2000 bai sake shigowa da komai daga Turai ba, kuma bayan zuwa na uku a gasar kofin duniya ta 2002, an yi gasa biyar a jere babu Turkiyya a ciki.

Wasan ba baƙo ba ne ta fuskar shekaru. A 1904 aka fara buga shi a Robert College, makarantar da Amurkawa suka kafa a gaɓar Bosphorus, daga nan ya shiga makarantar Galatasaray a 1911 ta hannun wani malamin motsa jiki, Ahmet Robenson. An kafa hukumarsa mai zaman kanta a 1959, gasar ƙasa kuma ta fara a 1966. Amma a duk tsawon wannan lokaci wasan 'yan boko ne, na 'ya'yan masu hali da ke manyan makarantun Istanbul da Ankara da Izmir. Ɗan talaka bai san da zamansa ba.

Abin da ya fito da shi titi kuwa, in ka tambayi Baturke mai shekara 50 zuwa 60, amsa ɗaya za ka ji: talabijin. A farkon shekarun 1980 tasha ɗaya ce tal a ƙasar, wato TRT ta gwamnati, kuma lokaci ne na mulkin soja bayan juyin mulkin Satumban 1980, mutane na zaune a gida da dare. Tashar ta riƙa nuna wani shirin Amurka mai dogon zango da suka yi wa suna Beyaz Golge, labarin wani tsohon ɗan wasa da ya koma horar da yaran wata makarantar sakandare a unguwar marasa galihu. Da yake ba wata tashar da za a murɗa, ƙasa gaba ɗaya ta kalla. Wani mai shagon da nake hulɗa da shi a Merter, wanda yanzu tumbi ya yi masa yawa, ya ba ni labarin yadda suka kai wa maƙeri rodi ya lanƙwasa musu, suka ɗaure a jikin falwaya a layinsu, suna jefa ƙwallon roba har magariba. A 1981 kuma tawagar ƙasar ta lashe gasar yankin Balkan, abin ya zo daidai da ɗokin yara.

Ɗokin yara kaɗai ba ya gina ƙungiya. Wanda ya ɗauki nauyin agolan nan kamfanoni ne, kuma nan ne labarin Turkiyya ya bambanta da na wurare da yawa. Ka duba sunayen ƙungiyoyin, kamar kana karanta takardar cefane. Eczacibasi, da ta mamaye gasar a shekarun 1970 da 1980, ta kamfanin magunguna ce. Ulker biskit da cakulan take yi. Tofas ta birnin Bursa motoci take ƙerawa. Banvit ta garin Bandirma kaji take sayarwa. Pinar, da ta shekara da shekaru tana ɗaukar nauyin Karsiyaka ta Izmir, madara ce. Beko, wanda sunansa ke manne da Fenerbahce, firji da injin wanki ne. Efes kuwa giya ce.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa uku na Istanbul, Galatasaray da Fenerbahce da Besiktas, na mambobinsu ne, su ke zaɓen shugaba da ƙuri'a, attajiri ba zai zo ya saye su ya liƙa musu sunan hajarsa ba. In kuma ya kafa tasa, zai zuba dukiya ba iyaka kuma ba wanda zai bar ƙungiyar da ya gada wurin ubansa ya bi shi. A ƙwallon kwando kuwa fili a buɗe yake. 'Yan wasa 12 ne, zaure ɗaya ya isa, sunan kamfani kuma shi ne sunan ƙungiya, kullum mai sharhi a talabijin yana maimaita shi kyauta. Har yau lissafin bai canza ba: yuro miliyan 75 da Galatasaray ta biya Napoli a kan Victor Osimhen shi kaɗai a 2025 ya zarce kasafin shekara guda na kowace ƙungiya da ke EuroLeague. Da kuɗin da ba zai kai ka ko'ina a gasar zakarun Turai ta ƙwallon ƙafa ba, sai ka zama zakaran nahiya a kwando.

Efes ce ta fara nuna hakan zai yiwu. An kafa ta a 1976 da sunan Efes Pilsen, kuma a 1996, ƙarƙashin koci Aydin Ors, da wani ɗan Masedoniya mai suna Petar Naumoski yana jan ragamar wasa, ta doke ƙungiyar birnin Milan ta ɗauki kofin Korac. Shi ne kofin Turai na farko da wata ƙungiyar Turkiyya ta taɓa ɗauka a ƙwallon kwando, shekara huɗu kafin na Galatasaray a ƙwallon ƙafa. Baƙo Musulmi zai ɗan yi turus da jin cewa kamfanin giya ne ya raini wasan a ƙasar da kiran salla ke tashi ta ko'ina, kuma su ma Turkawan ba su rasa ja-in-ja a kai ba. Da aka tsaurara dokar tallan barasa, a 2011 ƙungiyar ta ajiye kalmar Pilsen ta koma Anadolu Efes. Suna ya canza, aljihun da ke biya bai canza ba.

Sai dai kamfani yana iya sayen 'yan wasa, ba ya iya sayen mutanen da za su yi kuka in an sha kashi. Efes ta fi kowa yawan kofunan gasar ƙasa, amma ta daɗe ana yi mata gorin ba ta da magoya baya na gado. Abin da ya haɗa kuɗi da jama'a wuri guda shi ne auren da aka ɗaura a 2006, lokacin da Ulker ta rufe ƙungiyarta ta zuba ƙarfinta cikin sashen kwando na Fenerbahce. A Turkiyya babbar ƙungiya gida ce mai ɗakuna da yawa: ƙwallon ƙafa, kwando, ƙwallon raga, ninkaya, dambe, duk riga ɗaya, kamar dai yadda Kano Pillars ke da 'yan ƙwallon kwandonta, amma a nan abin ya fi haka nisa. Mai goyon bayan Fenerbahce bai zaɓi wasa ba, launin rawaya da shuɗi ya zaɓa. In aka ce masu wannan riga suna gasar tseren kwale-kwale zai so su ci.

To, ka haɗa wannan da halin da Fenerbahce ta shiga a ƙwallon ƙafa. A 2011 badaƙalar zargin sayar da wasanni ta kai shugabanta Aziz Yildirim gidan yari, aka hana ta shiga gasar Turai. Ta ɗauki kofin gasar lig ta ƙasa a 2014, daga nan aka shiga fari na sama da shekara goma, abokiyar gabarta Galatasaray tana ta kwasa. A daidai wannan tsakani ne aka buɗe sabon zaure mai ɗaukar mutum kusan 13,000 a Atasehir a 2012, aka ɗauko Zeljko Obradovic, ɗan Sabiya da ya riga ya ci kofin Turai sau takwas, a 2013. Miliyoyin mutanen da ƙwallon ƙafa ke baƙanta wa rai duk ƙarshen mako suka samu inda za su ɗaga kai. A Mayun 2017, a zauren Sinan Erdem da ke Istanbul, Fenerbahce ta doke Olympiacos ta Girka 80 da 64. Gwarzon wasannin ƙarshen shi ne Ekpe Udoh, haifaffen Amurka ɗan asalin Najeriya, wanda daga baya ya sa wa D'Tigers, tawagar kwandon Najeriya, riga. Da yawa cikin waɗanda suka cika titin Bagdat suna murna a daren irin dattijon gidan shayin nan ne, ba su san dokar da ta ce a jefa ƙwallo kwando cikin daƙiƙa 24 ba, amma sun san yanzu suna da amsar da za su ba ɗan Galatasaray in ya tayar da zancen shekarar 2000.

Na je zauren Atasehir sau ɗaya, a wata tafiyar kafin wannan. Daga Eminonu na shiga jirgin ruwan fito zuwa Kadikoy, ina cin simit, burodin nan mai kama da ƙawanya da aka barbaɗe da riɗi, sannan na hau mota zuwa can. Wanda ya saba da filin ƙwallon ƙafa, inda ihu ke watsewa a iska, ba zai gane abin da rufin kwano ke yi wa muryar mutum dubu goma sha wani abu ba. Duk lokacin da ƙwallo ta koma hannun baƙi, sai zauren ya ɗauki fito gaba ɗaya, irin fiton da ke shiga haƙori. Na toshe kunne, wata mata mai ɗankwali da ke gefena da 'ya'yanta mata biyu ta dube ni tana dariya, ta ci gaba da nata fiton da yatsu biyu a baki. Shi ne abu na biyu da na lura da shi: yawan mata da yara. Wasan minti 40 ne, kashi huɗu, cikin awa biyu an gama, ba ruwan sama, ba sanyi, akwai kujera da makewayi mai tsabta. Uba zai iya zuwa da iyalinsa bayan an tashi aiki ya koma gida kafin dare ya raba. Kuma ba a tashi canjaras ba ci. Kowane minti ana zura wani abu a kwando, abin da ya dace da mutanen da ba su da haƙurin jira.

Filin ƙwallon ƙafa a Turkiyya kuwa ya yi suna wajen ashar da rikici. A Disambar 2023 shugaban ƙungiyar Ankaragucu ya sauko fili ya naushi alƙalin wasa a fuska a idon duniya, har aka dakatar da gasar ƙasar na 'yan kwanaki. Zargin son kai ga alƙalai ba ya ƙarewa. Wani ɓangare na masu matsakaicin hali, 'yan boko mazauna birni, sun gaji, kuma zauren kwando ya zame musu mafaka. Amma kada a yi wa agolan rawanin waliyyi. Wanda ya ari magoya baya ya ari rigimarsu. A 2014, da Fenerbahce da Galatasaray suka kai wasa na bakwai a zagayen ƙarshe na gasar kwando, Galatasaray ta ƙi fitowa fili, tana kukan rashin tsaro da rashin adalci, aka ba Fenerbahce kofi ba tare da an buga ba.

Akwai kuma tuta. A 2001 Turkiyya ta karɓi baƙuncin gasar Turai, aka yi wa tawagar ƙasar laƙabin 12 Dev Adam, wato ƙattai goma sha biyu, wani banki ya ɗauki nauyi, aka yi musu waƙa da har yau ake rerawa a zaure. Suka kai wasan ƙarshe, Yugoslabiya ta doke su. Bankin ya ci gaba da ɗaukar nauyin makarantun koyar da yara wasan da wannan suna a larduna da dama, ciki har da waɗanda ba su taɓa ganin ƙungiyar kwando ba. A 2010 gasar duniya ta zo, aka buga a Istanbul da Ankara da Izmir da Kayseri, gwamnati ta gina sababbin zaure ta gyara tsofaffi. A wasan kusa da na ƙarshe da Sabiya, saura rabin daƙiƙa a tashi Kerem Tunceri ya zura ƙwallon da ta ba su nasara 83 da 82. Ka tambayi duk Baturken da ya mallaki hankalinsa a lokacin, zai gaya maka inda yake zaune a daren. Washegari Amurka, da Kevin Durant a gaba, ta doke su 81 da 64. Azurfa a 2001, azurfa a 2010, azurfa a 2025. Sau uku suna zuwa bakin rijiya ba su sha ba, kuma ina ganin wannan ƙishirwar ma tana cikin abin da ke riƙe da mutane.

Hukuma ta gane amfanin abin tun da wuri. Kamfanin jiragen sama na Turkish Airlines ya sa sunansa a kan EuroLeague tun 2010 har tsawon shekara 15, ya kuma ɗauki Kobe Bryant yana yi masa talla. Hidayet Turkoglu, wanda ya yi shekaru a NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, har ya buga wasan ƙarshe da Orlando a 2009, ya zama mai ba Shugaba Erdogan shawara, kuma tun 2016 shi ke shugabantar hukumar kwando ta ƙasa. A ɗaya gefen akwai Enes Kanter, shi ma tsohon ɗan wasan NBA, wanda goyon bayansa ga Fethullah Gulen, malamin addinin da gwamnati ta ɗauka abokin gaba, ya sa aka soke fasfonsa a 2017, sunansa ya zama abin da ba a so a ambata. A ƙasar nan ko kwando bai tsira daga siyasa ba.

Duk waɗannan, kamfani da riga da tuta, aro ne. Tambayar da ta dame ni ita ce ko wasan ya yi saiwar kansa. Amsar tana wurin yaron gidan shayin da ire-irensa, kuma dalilansu daban ne da na kakanninsu. Istanbul birni ne na mutum sama da miliyan 15, a kan tuddai, gini a kan gini. Fegin da yara za su kafa duwatsu biyu su buga tamaula ya ƙare a yawancin unguwanni. Mai son ƙwallon ƙafa sai ya tara abokai su yi karo-karo su kama hayar ƙaramin fili mai ciyawar roba na awa ɗaya. Kwando kuwa yana shiga harabar kowace makaranta da kusurwar kowane wurin shaƙatawa, kuma yaro shi kaɗai da ƙwallonsa zai iya wuni yana jifa. Ka bi gaɓar teku daga Moda zuwa Caddebostan da yamma, za ka ga filayen a cike, uku da uku, wanda aka ci ya fita. Iyaye masu ɗan hali suna biyan kuɗin makarantar kwando ta ƙarshen mako, don a idonsu wasa ne na yaron da zai yi karatu, wasu ma suna da imanin yana ƙara tsayi. Ba banza ba makarantu masu zaman kansu irin Bahcesehir Koleji ke da ƙungiya a babbar gasa, har ta ci wani kofin Turai a 2022.

Sannan akwai waya. Wasannin NBA da tsakar dare ko goshin asuba suke zuwa a agogon Turkiyya, amma kafin yaro ya isa makaranta ya kalli gutsattsarin a hannunsa. Mehmet Okur ya ci kofin NBA da Detroit a 2004, ya shiga wasan taurari a 2007, amma a wancan lokacin sai mai tauraron ɗan'adam da juriyar hana ido barci ke gani. Alperen Sengun ya zo a zamanin da kowa ke gani. An haife shi a 2002 a Giresun, garin bakin Baƙin Teku, nesa da Istanbul da makarantunta na masu hali. Ya tafi makarantar horar da yara ta Banvit tun yana ƙarami, ya zama gwarzon gasar Turkiyya a Besiktas yana ɗan shekara 18, ya tafi Houston a 2021, ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 185 na shekara biyar, aka zaɓe shi cikin taurarin NBA a 2025. Dogo ne da ke raba ƙwallo kamar gajere, yana miƙa ta ta bayan ƙeya ba tare da ya duba ba. Yaran da na gani a Moda duk wannan suke kwaikwayo, rabin ƙwallayen suna ƙarewa a cikin ciyawa.

A tawagar da ta je Riga akwai Adem Bona, wanda aka haifa a Najeriya, ya je Turkiyya yana ɗan shekara 13, ya taso a hannun masu horarwa na can har ya buga wa Karsiyaka, ya wuce jami'ar UCLA, Philadelphia ta ɗauke shi a 2024. Da ya tare wata ƙwallo a daren, mai shayin ya nuna ni da yatsa yana dariya, kamar ni na aiko shi. Na yi dariyar ni ma, amma ba har zuci ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, nasarar ƙungiyoyi da ci gaban 'yan ƙasa ba tafiya ɗaya suke yi ba. Kofunan EuroLeague huɗun nan, waɗanda suka ɗauki nauyin wasa a fili galibinsu baƙi ne: Bogdan Bogdanovic da Vasilije Micic 'yan Sabiya, Jan Vesely ɗan Cek, Nigel Hayes-Davis Ba'amurke, sai Shane Larkin, Ba'amurken da aka ba takardar zama ɗan ƙasa. A 2025, da Fenerbahce ta doke Monaco 81 da 70 a Abu Dhabi, kocin ɗan Lituweniya ne, Sarunas Jasikevicius. Matashin Baturke mai hazaƙa a babbar ƙungiya yakan ƙare a benci yana miƙa tawul, shi ya sa gardama kan adadin baƙin da za a bari su shiga fili a gasar gida ba ta mutuwa, ana sauya dokar ana sake sauyawa. Ergin Ataman, wanda ya ci wa Efes kofuna biyu, ya sake ci da Panathinaikos ta Girka a 2024, ya kuma kai tawagar ƙasa Riga, ya nuna cewa a fannin koyarwa Turkawa sun kama ƙafar malamansu na Balkan. A fannin 'yan wasa kuwa, tsakanin 2010 da 2025 tawagar maza ba ta ci lamba a gasar Turai ko ta duniya ba, ba ta ma samu zuwa gasar duniya ta 2023 ba, kuma rabonta da wasannin Olamfik tun 1952.

Kuɗin ma ba tabbas gare shi ba. Ana biyan baƙin 'yan wasa da dala ko yuro, ana sayar da tikiti da lira. A 2010 dala ɗaya lira ɗaya da rabi ce, a 2025 ta haye 40. Ƙungiyar da kamfani ya haifa, ranar da hukumar gudanarwarsa ta ga asara, ranar take mutuwa. Eczacibasi ta rufe sashen kwandon maza a farkon shekarun 1990. Tofas ta janye daga babbar gasa a 2000, tana riƙe da kofi biyu a jere, sai daga baya ta dawo. Mafi ciwo ita ce ta Bandirma: Banvit ta zare hannu, ba a jima ba ƙungiyar ta fice daga babbar gasa a 2020, wato gidan da ya raini Sengun ya rushe shekara guda kafin yaron ya tafi Amurka. Kuma bayan 2000, sau ɗaya kacal kofin ƙasa ya bar Istanbul, lokacin da Karsiyaka ta ɗauka a 2015. An rushe tsohon zauren Abdi Ipekci an gina katafariyar cibiyar bunƙasa wasan a gurbinsa a Zeytinburnu, aka buɗe a 2024. Ita ma a Istanbul take.

Ko matsayi na biyu bayan ƙwallon ƙafa ma akwai mai jayayya da shi. Matan Turkiyya a ƙwallon raga sun zama zakarun Turai a 2023, sun hau saman jadawalin duniya, abin da mazan kwando ba su taɓa yi ba, kuma iyayen da ke kai ɗa namiji kwando yanzu raga suke kai 'ya mace. A kwandon mata ma Fenerbahce ta ɗauki kofin Turai a 2023 da 2024, Galatasaray kuma tun 2014, sai dai ba a cika yi musu ganga ba.

Kwana huɗu bayan wasan Riga, ranar Alhamis, na koma gidan shayin. Galatasaray ce ke buga wasanta na farko a gasar zakarun Turai, da Eintracht Frankfurt, Jamusawa kuma dai. A wannan karon ko wurin tsayuwa babu, mutane har bakin titi, hayaƙin taba ya turnuƙe ƙofa. Osimhen bai buga ba saboda raunin da ya samo a wasan Najeriya, kuma mutum uku daban-daban sun tambaye ni dalili kamar ni ne likitansa. Aka ci Galatasaray 5 da 1. Ranar Lahadi shiru aka yi aka watse, har wasu na tafa wa 'yan wasa. Ranar Alhamis kuwa an zagi koci, an zagi mai tsaron gida, wani ya buga tebur har kofi ya faɗi ya fashe. Dattijon nan yana tsakiya, wannan karon ba ya tambayar kowa komai, shi ke bayani. Na duba ban ga jikan ba, na tambaye shi. Ya ɗaga hannu ya nuna wajen harabar makarantar da ke bayan layin, inda fitila ɗaya ke ci, ya mayar da idonsa kan talabijin.